Sankarar mama: Abin da ke sa matanmu yanke magani ana tsakiya

A wani daren Alhamis cikin watan Oktoba, watan da aka keɓe a duniya domin wayar da kan jama'a game da sankarar mama, muna tsakiyar shirin lafiya da muke gabatarwa da Hausa a gidan rediyonmu, sai wata yarinya ta bugo waya daga Salaga. Tambaya ɗaya ta yi wa ma'aikaciyar jinyar da muka gayyato, wato idan mace ta karɓi allurar sankara sau uku, ƙullutun da ke mamanta ya narke, shin dole ne sai ta koma ta ƙarasa sauran? Nas ɗin ta amsa mata da cewa dole ne, kuma kada a yi jinkiri. Sai muka ji yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Mma ce. Da ma tun bara muka ji wannan magana." Daga nan ta kashe wayar.

Washegari ta sake kiranmu, ta ce in muna so mu zo ta ba mu labari, amma da sharaɗin ba za a ambaci sunanta ko na gidansu ba. Wannan kira ne ya sa muka ɗauki rikoda muka shiga Salaga da Yendi da Bawku, muka zanta da matan da suka yi wannan jinya da masu jinyarsu da kuma wasu ma'aikatan lafiya. Kowa ya san matanmu na makara wajen zuwa asibiti. Amma abin da muka gano a wannan zagaye shi ne, akwai wasu da dama da sukan je, a gano cutar, a fara magani, sannan su ɓace ana tsakiya, saboda ba wanda ya shirya su ko ya shirya mutanen gidansu game da wahalar da maganin ke zuwa da ita.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu mata miliyan 2.3 da sankarar mama a faɗin duniya, yayin da kimanin 670,000 suka rasu. A nan Gana, ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna an samu sabbin kamu 4,482, an kuma yi rashin mata 2,055, kuma ita ce sankarar da ta fi kowace kama mata a ƙasar. Da yawa daga cikin masu kamuwa a nan ba su kai shekara 50 ba, wato suna cikin ganiyar neman abinci da renon 'ya'ya.

A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 sukan kai shekara biyar a raye bayan an gano cutar, alhali a ƙasa kamar Afirka ta Kudu adadin bai wuce 40 cikin 100 ba. Dalili ke nan da ya sa a 2021 hukumar ta fito da wani shiri mai ginshiƙai uku: a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan aƙalla kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fara magani su kai ƙarshensa. Wannan ginshiƙi na uku shi ne ba a cika maganarsa ba a zangunanmu.

Mai koko ta Salaga

Ko da muka isa Salaga, garin da kakanninmu fatake suka yi ta takowa daga Kano da Katsina domin sayen goro, sai muka tarar an yi kwana tara da rasuwar mahaifiyar yarinyar. Marigayiyar mai sayar da koko da ƙosai ce, ta bar 'ya'ya shida, kuma ba ta cika hamsin ba.

A cewar 'yar tata, wata rana wajen wanka ne marigayiyar ta ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a mamanta na hagu, amma da yake ba ya ciwo sai ta yi shiru da bakinta har tsawon watanni. Da ta nuna wa wata ƙawarta, sai aka ce ai daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Haka aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe har ƙullutun ya kai girman lemun tsami. Sannan ne aka kai ta asibitin gari, daga can aka tura ta Asibitin Koyarwa na Tamale, tafiyar kimanin kilomita 120.

Bayan gwaji ya tabbatar da cutar, likitoci suka tsara za a yi mata allura sau shida, duk bayan mako uku, domin ƙullutun ya ragu, sannan a yi tiyata. Ta karɓi ta farko, ta yi kwana uku tana amai. Kafin ta biyu sumarta ta fara zuba, tafin hannunta da faratanta suka yi baƙi, ta rame. Nan fa tsegumi ya tashi a unguwa, wasu na cewa ƙanjamau ne, wasu na cewa jifa ne, masu sayen koko suka koma wurin wata. Bayan allura ta uku sai ƙullutun ya motse har da ƙyar ake jin sa. Dangi suka taru suka ce tunda Allah Ya kawo sauƙi, me za a koma yi wurin maganin da ke neman kashe ta, balle kuma ana batun yanke mama?

Wata goma bayan haka mamar ta fashe ta zama gyambo, ga tari, ga ciwon baya. Da aka koma Tamale, aka ce cutar ta kai huhu da ƙashi. Yarinyar ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne har da ita a cikin masu cewa, "Mma, ki huta haka nan." Ta ce da sun san zubar suma da baƙin farce abu ne da aka saba gani kuma mai wucewa, da ko a goye sai sun kai ta.

Ranar da aka faɗa wa mace

Duk matan da muka zanta da su sun ce babu ranar da ta kai ranar karɓar sakamako nauyi. Wata ta ce daga lokacin da likita ya ambaci sunan cutar ba ta sake jin komai ba, bakinsa kawai take gani yana motsi. Saboda haka ma'aikatan jinya ke ba da shawarar kada mace ta je karɓar sakamako ita kaɗai, ta tafi da mijinta ko 'yarta ko 'yar uwar da ta yarda da ita, kuma in da hali wanda ya iya rubutu. A tambayi likita matakin da cutar take, da magungunan da za a yi da yadda za su biyo juna, da yawan zuwan da za a yi, da kuma abin da za a kashe. Idan Turanci ya yi nauyi a nemi tafinta, ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma wasu maganganu da ya kamata a kawar tun ranar farko. Yawancin ƙullutun da mata ke ji a mama ba sankara ba ne, amma ba a bambance su da ido ko da hannu, sai an ɗauki hoto an kuma ɗebi ɗan abin da ke ciki da allura an kai ɗakin gwaji. Wannan ɗiba ba ita ke yaɗa cutar ba, barin ta ne ke ba ta damar bazuwa. Ba a ɗaukar sankara ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwanciya a gado ɗaya, ko wankin kaya. Ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ba ya kawo ta, haka nan ba aikin kishiya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Har maza ma sukan kamu, kodayake ba su wuce ɗaya cikin 100 na masu cutar ba.

Mene ne kemo, me ya sa yake wahalarwa?

Allurar da mata ke kira kemo magani ne da ake sawa cikin ƙarin ruwa ya bi jijiya ya zagaye jiki. Aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, domin haka ƙwayoyin sankara suke. To amma a jikin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin lafiyayyu da su ma suke saurin hayayyafa, kamar na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na ɓargo inda ake ƙera jini. Maganin ba ya tantancewa, sai ya taɓa su duka. Daga nan ne zubar suma da gyambon baki da gudawa da ƙarancin jini ke samo asali. Sai dai lafiyayyun ƙwayoyi sukan farfaɗo, shi ya sa ake ba da hutun mako uku tsakanin allura da allura.

Yawanci akan yi sau shida zuwa takwas. Kowace allura takan kashe wani kaso ne na cutar, ba dukanta ba. Ƙullutu na iya ɓacewa a hannu alhali akwai sauran ƙwayoyin da ido ba ya gani, ko a mama, ko a hammata, ko a wani sashe na jiki. Idan aka tsaya a nan, ragowar sukan sake tasowa, kuma wani lokaci su fi na farko wuyar magani. Narkewar ƙullutu alama ce cewa maganin ya karɓi mace, don haka dalili ne na ci gaba.

Wahalhalun kuma suna da lokutansu sanannu. Tashin zuciya da amai sukan zo a kwanakin farko bayan allura, kuma akwai magungunan hana su da ake bayarwa, waɗanda sun fi aiki idan aka sha su a kan lokaci tun kafin aman ya fara. Jar allurar nan mai suna doksorubisin takan sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya zuwa biyu, kuma launin maganin ne, ba jini ba. Suma takan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan allurar farko, takan kuma fara tsirowa makonni kaɗan bayan ta ƙarshe. Wani nau'in kamar faklitaksel yakan kawo ciwon gaɓoɓi da sagewar yatsun hannu da na ƙafa, wanda ya kamata a sanar da likita da zarar an ji shi. Al'ada na iya ɗaukewa, ga wasu ta dawo, ga waɗanda suka haura 40 kuma sau da yawa ba ta dawowa. Ba a shayarwa a lokacin kemo, kuma ana so a guji ɗaukar ciki.

Telar Yendi da mijinta

A Yendi, mazaunin Ya-Na, kimanin kilomita 100 gabas da Tamale, mun sami wata tela mai shekara 40 da 'yan kai da ta kammala allura takwas, aka cire mata mama ɗaya, yanzu kuma ta koma kan kekenta. Ta ce ita sa'ar da ta yi ita ce tun ranar farko wata nas ta zaunar da ita da mijinta ta zayyana masu abin da zai faru, mako-mako. Don haka da suma ta fara zuba a kan matashi, sai ta kira ƙanwarta ta aske mata sauran gaba ɗaya, ta ɗinka wa kanta huluna masu taushi na sawa a ƙarƙashin ɗankwali. A cewarta, mu da muke rufe kai da ma, wa zai sani in ba ke kika faɗa ba?

Ta ce abin da ya fi ba ta wuya shi ne abinci. Warin mai da na soyayyen kifi na tayar mata da zuciya, komai ta sa a baki sai ta ji ɗanɗanon ƙarfe. Sai ta koma cin kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana maimakon zama a gaban babban kwano: koko mara yaji da ya huce, tuwon zafi mai laushi da miyar kuka ko ayoyo, dafaffen ƙwai, wake, ayaba da kankana, tana kuma kurɓar ruwa a kai a kai, wani lokaci da 'yar citta. Da gyambon baki ya fito, ta bar barkono da lemun tsami da asuwaki mai tauri, ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane cin abinci. Kasala kuwa, ta ce ba a yi mata gardama, ranar da jiki ya ƙi sai ta kwanta, ranar da ta ji dama-dama sai ta ɗan zagaya tsakar gida da yamma.

Mijin nata, manomin doya, ya shaida mana cewa shi ma ya sha nasa. Ya ce bayan tiyata wasu dangi sun matsa masa da ya nemi wata, wai mace mai mama ɗaya ta tashi daga aiki. Ya ce amsar da ya ba mahaifiyarsa ita ce, "Mma, da ni ne a kwance, da ita ba ta tafi ba." Ya sayar da doya da awaki biyu domin kuɗin mota, kuma duk zuwa takwas ɗin nan babu wanda bai raka ta ba. Ma'aikatan jinyar da muka tuntuɓa sun ce a abin da suka saba gani, matar da mijinta ko wani tsayayye a gida ya tsaya mata ita ta fi kai ƙarshen magani.

Zazzaɓin da ba na sauro ba

Daga Bawku zuwa Bolgatanga kimanin kilomita 80 ne, daga can zuwa Tamale kuma wajen 160. Tun ƙarshen shekarar 2021 da rikicin sarauta ya sake tashi a yankin, an sha sanya dokar hana fita, matafiya kuma sun sha fargaba a hanya. Cikin wannan hali ne wata Hajiya mai fataucin albasa ta yi zirga-zirgar karɓar allurarta.

Ta ba mu labarin daren da ta ce saura ƙiris ta tafi. Kwana goma bayan allura ta biyu, zazzaɓi da rawar sanyi suka rufe ta da tsakar dare. Kamar yadda kowannenmu zai yi, sai aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba ta maganin da ke gida. Ɗanta ne ya tuna gargaɗin da aka yi masu, ya ce, "Hajiya, gari na wayewa sai asibiti." Da aka auna jininta aka tarar fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sun yi ƙasa ƙwarai, ga ƙwayar cuta ta shiga jini. Kwana biyar ta yi a kwance ana yi mata allurai.

Wannan shi ne mafi haɗari a cikin duk illolin kemo, kuma shi ne jama'a suka fi rainawa. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura garkuwar jiki takan faɗi, ta yadda 'yar cutar da lafiyayye zai share za ta iya kashe mai jinya cikin sa'o'i. Saboda haka duk gidan da ke da mai karɓar kemo ya kamata ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna 38 ko sama da haka, ko aka ga rawar sanyi, ko numfashi na sarƙewa, ko amai da gudawa sun ƙi tsayawa, ko jini na zuba, to a nufi asibiti mafi kusa nan take, ba sai an jira ranar komawa Tamale ba, kuma abin da za a fara faɗa wa ma'aikata shi ne wannan mata tana kan kemo. Kada a rufe zazzaɓin da farasitamol a koma barci.

Tun daga ranar Hajiya ta riƙa yawo da takardar asibitinta a jaka, take kwana cikin gidan sauro, ta daina cin ɗanyen ganye da abincin da ya kwana, ta kuma ɗauke ƙafa daga gidajen biki da suna a makon da jininta ke ƙasa. Bugu da ƙari, takan sauka Tamale kwana ɗaya kafin ranarta, ta kwana gidan wata 'yar uwa a zango, domin kada matsalar hanya ta sa ta rasa layi. Ta ce wani zuwan ma an auna jini aka ce bai hau ba, ta koma sai bayan mako guda. Ta ce ranar ta yi kuka, amma ta dawo.

Batun kuɗi

Idan ba a manta ba, an kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa da doka a shekarar 2003, kuma sankarar mama da ta bakin mahaifa na cikin cututtukan da aka sanya a ƙarƙashinsa. Don haka abu na farko shi ne a tabbatar kati bai mutu ba, kuma ana iya sabunta shi ta waya da lambar *929#. To sai dai duk matan da muka zanta da su sun ce kati ba ya ɗauke komai. Akwai gwaje-gwajen da suka biya da aljihunsu, akwai ranar da aka ce wani magani ya yanke sai an sayo a waje, ga kuɗin mota na mutum biyu, ga abinci, ga masauki, ga sana'a ta tsaya.

Har ila yau akwai waɗanda bayan tiyata akan rubuta masu haskawa da na'urar da ke ƙona ragowar cutar. An buɗe cibiyar farko ta wannan aiki a asibitin Korle Bu da ke Akra a 1997, ta biyu kuma a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a 2004. Telar Yendi Kumasi aka tura ta, tafiyar kimanin kilomita 380 daga Tamale, inda ta yi makonni tana zuwa asibiti kullum ban da Asabar da Lahadi. Mutanen Salaga kuwa wasu kan bi ta Makango su hau jirgin fito zuwa Yeji. A 2025 gwamnati ta kafa wani asusun tallafa wa masu fama da cututtuka irin su sankara da ciwon ƙoda, wanda aka fi sani da MahamaCares, kuma yana da kyau masu jinya su tambayi ofishin jin daɗin jama'a na asibitinsu yadda ake neman sa. Akwai kuma ƙungiyar Breast Care International da Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a Kumasi a 2002, wadda ta daɗe tana zagaya garuruwa tana duba mata da wayar da kai.

Amma kafin na nesa ya iso, na kusa ne ke ceto. A unguwar Hajiyar Bawku, 'yan adashinsu ne suka ba ta ɗauka biyu a jere ba tare da layinta ya zo ba. A Yendi magajiyar unguwa ce ta tsara matan da ke kai abinci gidan telar a makon allura. Mu da muke iya tara kuɗin anko da na ƙwarya a mako guda, ba za mu kasa tara kuɗin motar mara lafiya sau shida ba.

Malamai da masu maganin gargajiya

Babu wadda muka zanta da ita da ba ta ce addu'a da tawakkali ne suka riƙe ta ba. Limaman da muka tuntuɓa sun jaddada cewa neman magani ba ya karo da dogaro ga Allah, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen ajiye azumi ta rama daga baya ko ta ciyar idan ramuwar ta gagara. Wannan na da muhimmanci, domin mai karɓar kemo na buƙatar ruwa sosai, balle a zafin bazarar arewa. Duk wadda Ramadan ya riska tana kan magani ta yi shawara da likitanta da malaminta.

Game da saiwoyi da jiƙe-jiƙe kuwa, likitoci na gargaɗin cewa hanta da ƙoda ne ke tace kemo, kuma wasu haɗe-haɗen na iya ƙara masu nauyi ko su rage ƙarfin maganin. Duk abin da mace ke sha ta faɗa wa likita ba tare da tsoron faɗa ba. Mai maganin da ya ga ƙullutu a mama ya ce a tafi asibiti ya yi aikin lada. Wanda kuma ya ce a bar asibiti a zo wurinsa, ya sani rai ne a hannunsa.

Bayan allurar ƙarshe

Gama kemo ba shi ne sallama ba. Matan da gwaji ya nuna sankararsu na samun ƙarfi daga sinadarin jikin mace akan ɗora su kan ƙwaya irin su tamoksifen, guda ɗaya kullum har shekara 5 zuwa 10, kuma ita ma ba a yanke ta don an ji sauƙi. Wadda aka cire wa 'yan ƙululun hammata ta kula da hannun wannan ɓangare, ta riƙa motsa shi kamar yadda aka koya mata, ta kiyaye ƙuna da yanka, in ta ga ya fara kumbura ta koma asibiti. Sannan a riƙa zuwa dubawa a ranakun da aka sanya. 'Ya'ya mata da 'yan uwan wadda ta yi cutar su ma su riƙa duba kansu, su kuma sanar da likita cewa an taɓa yi a gidansu. Duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemu, ta je a duba ta ko da babu ciwo.

Muna kira ga ma'aikatan lafiya da su riƙa zaunar da mai jinya da danginta tun kafin allurar farko, su yi masu bayani da harshen da suke ji, Hausa ce ko Dagbanci ko Gwanjanci ko Kusasanci, su kuma riƙa bin sawun duk wadda ba ta dawo a ranarta ba. Muna kira ga hukumomi da su kusanto da gwaji da magani ga mutanen arewa. Ga limamai da sarakunan zango da magajiyoyi, su sa wannan batu a huɗuba da wuraren taro. Ga maƙwabta kuwa, in kun ga mace ta rame, faratanta sun yi baƙi, ku kama bakinku ku kai mata abinci.

Kafin mu baro Salaga, yarinyar nan ta ɗauko mana katin asibitin mahaifiyarta. Layi shida ne a jiki, uku an cike su da kwanan wata da sa hannu, uku babu komai. Ita ce yanzu ke dama kokon, kuma ta ce ta riga ta raka ƙanwar mahaifiyarta asibiti an duba ta. Ta roƙe mu da mu faɗa wa duk wadda ke tsakiyar wannan magani cewa ta daure ta cike layukanta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.